Gargaɗi ga masu ciwon huhu a Gombe: ɗan damfarar na'urar fitar da majina

Naira 85,000. Naira 85,000 wata baiwar Allah daga Pantami, wadda tarin TB ya bar mata hanyoyin iska a buɗe suna tara majina, ta tura wa wani mutum a Facebook don ya aiko mata da Aerobika, na'urar da ake hurawa a ciki ta girgiza majinar ƙirji ta fito. Abin da ya iso tasha a kwali shi ne robar nan mai ƙwallo uku, mai rubutun 600, 900, 1200 a jiki. Wannan zuƙa ake yi da ita don buɗe huhu bayan tiyata. Ba ta girgiza majina ko kaɗan.

Kada wani ya ce mana ba mu duba ba. Aikin fisiyo, wato gashi da motsa ƙirji, muke yi, mun san na'urar. Bidiyon da ya turo na gaskiya ne: ya juya maɓallin ƙarfi daga 1 zuwa 5, ya hura, aka ji kaɗawar nan ta frrr, ya nuna sunan Trudell, kamfanin Kanada mai ƙera ta, a kwali. Har cewa ya yi, "Hajiya, mahaifiyata ma da ita take amfani." Wannan maganar ce ta sa aka saki jiki, wallahi ita ce. Bidiyon ma daga baya ya zo, don tun farko ya karɓi 40,000 wai kuɗin ajiye kaya, sannan ragowar. Duka 85,000. Kaya na isowa ya toshe lambar. Ina da hoton hirar da na alat, zan ɗora su.

Aerobika ta gaskiya hurawa ake yi a cikinta. A ja numfashi ya ɗan fi na kullum, a riƙe daƙiƙa 2 zuwa 3, a hura a hankali da tsawo ba tare da kumbura kumatu ba. Dole a ji girgizar a ƙirji, ba a baki kaɗai ba. Bayan hurawa 10 zuwa 20, a yi "haa" mai ƙarfi da baki buɗe sau 2 ko 3, sannan a yi tari a fitar da kakin. Idan Flutter ce, wata na'urar mai irin wannan aiki, ƙwallon ƙarfe ɗaya ne a ciki, kuma yadda aka karkata ta ke canza girgizar.

Na ji yana tallar "'yar gwanjo" ma. Na'urar da wani mai ciwon huhu ya hura? Ta mutum ɗaya ce, ana kwance ta a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ta bushe sarai. Mai kakin jini kuwa ya dakata sai likita ya gan shi.

Kar ku tura ko sisi sai kayan na hannunku, a rufe, kun nuna wa ma'aikacin fisiyo. Naira 85,000, kuma har yau matar tana kwana tari.