Kafin Ka Sayi Firij, Dubi Wutar Unguwarku da Zafin Garinku

Firij ɗinmu na farko bai cika shekara biyu ba ya mutu. Cikin azumi ne, ƙanƙara ta taru a ɗakin sama har ƙofar ta ƙi rufuwa, sai ƙanwar maiɗakina ta ɗauko wuƙar yanka albasa tana ɓamɓare ta. Ina zaune a tsakar gida na ji wani huci kamar tayar keke ta sace. Da mai gyara ya zo ya haska wurin da tocila, ramin bai fi tsinin allura ba. Ya ce, "Maigida, gas ya fita, kuma ruwa ya bi bututun ya shiga. Zan liƙe, amma ban yi maka alkawari ba." Wata uku ya ƙara yi.

Tun daga nan na fara zama wurin masu gyara ina tambaya, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin cututtukan firij tun a shago ake sayo su. Mutum ya ga mai ƙyalli da ƙofa biyu ya biya, bai tambayi kansa awa nawa ake ba su wuta a rana ba.

Da wannan tambayar za ka fara. Idan wutarku ba ta wuce awa biyar ko shida a yini, ni dai firiza mai kwance zan ce ka saya, irin mai murfi a sama kamar akwati. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. Firij mai tsaye da ka buɗe ƙofarsa sanyin ya zubo a ƙafafunka, amma mai kwance ko ka ɗaga murfin sanyin yana nan a ciki kamar ruwa a randa. Firiza da take cike kuma ta daskare tana iya riƙe kaya kusan kwana biyu ba wuta muddin ba a buɗe ta, mai rabin kaya kwana ɗaya. Ɗakin ƙasa na firij mai tsaye kuwa, bayan awa huɗu nama da madarar da ke ciki sun fara shiga haɗari. A zafin bazara ma rage wani abu daga wannan lissafin. Shi ya sa masu sana'ar zoɓo, kunun aya da ƙanƙara ba sa wahalar da kansu da mai tsaye. Aibin mai kwance dai sananne ne: tumatir da latas daskarewa suke yi su lalace, abin da kake nema kullum yana can ƙasa, kuma tana cin fili. Gidan da wuta ke zama, ko ake da sola mai ƙarfi, mai tsaye ya fi daɗin sha'ani ga uwargida.

Idan mai tsayen ka zaɓa, iri biyu ne. Akwai mai tara ƙanƙara, irin namu da ya mutu, akwai kuma wanda aka rubuta No Frost a jikinsa. Na biyun yana da fanka a ciki da ke hura sanyi, da ɗan hita da ke narkar da ƙanƙara lokaci-lokaci. Yana da tsafta, ba ruwanka da kankarewa. Sai dai kayan cikinsa sun fi yawa, abin lalacewa ma ya fi yawa. Ƙorafin da aka fi kai wa masu gyara a kansa shi ne sama na sanyi ƙasa ba ya yi, kuma galibi fankar ce ta tsaya ko ƙanƙara ta toshe hanyar iska saboda hitar ta daina aiki. Mai tara ƙanƙara kuwa ba shi da wannan tarkacen, ko a ƙaramin gari za ka sami mai gyara shi, kuma ƙanƙarar nan da ake tsana ita ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ta yi kauri a kashe shi, a bar ƙofa a buɗe, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki. Kada ƙarfe ya taɓa shi.

Yanzu ga abin da kusan ba wanda yake dubawa, alhali ya fi launi da suna muhimmanci. A bayan kowane firij ko a bangon cikinsa akwai 'yar takarda da aka manna, a jikinta akwai harafin da ke nuna irin zafin da aka ƙera shi ya jure. Mai SN ko N iyakarsa digiri 32. Mai ST yana kaiwa 38. Mai T shi ne yake kaiwa 43. To, ka tuna yadda Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai suke a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, balle a kicin mai rufin kwano. Firij mai N a irin wannan ɗaki ba ya hutawa. Kwamfiresa, wato injin da ke zagaya da gas ɗin sanyi, za ta yi ta aiki dare da rana, ruwa ya ƙi yin sanyi sosai, wata rana ta ƙone. Sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙwari. Nemi T, ko wanda aka rubuta masa SN-T. Ko Haier Thermocool ne, ko Hisense, LG, Scanfrost ko Nexus, juya shi ka karanta da idonka, domin kamfani ɗaya yana fitar da iri daban-daban.

Wannan harafin shi ne babban dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da na gwanjo, wanda ake kira Beljiyam. Da yawansu don ƙasashen sanyi aka ƙera su. Wanda ya fito daga Amurka kuma wutarsa 110 zuwa 120 ce, tamu 230, sai an haɗa shi da taransifoma. Tsofaffi sosai suna amfani da gas R12, wanda aka daina ƙera shi a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare muhalli, wato ta Montiriyal ta 1987. Amma na san halin aljihu, kuma akwai na hannu masu kyau. Idan shi za ka saya, kada ka yarda da wanda ka tarar a kunne yana sanyi. A kashe, a bar shi ya huce, a kunna a gabanka ka zauna rabin awa ko fiye. Saurari bayansa: idan ka ji "ƙas", ya yi gunji kaɗan, ya sake "ƙas" ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya maimaita, kwamfiresa ce ta kasa tashi. Wataƙila rile ne, ɗan abin da ke tayar da ita, mai arha, wataƙila ita kanta ce ta gaji, kuma kuɗin sabuwa na iya cinye rarar da ka samu. Duba bututun baya: tabon mai ko sabuwar walda alama ce ta yoyo. Sannan sa takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe ka ja. In ta zare ba turjiya, robar ƙofar ta saki.

Batun gas, a gyara wata fahimta. Gas ɗin firij ba kamar na girki ba ne da ke ƙarewa. A rufe yake yana zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake fita. Mai gyaran da ya yi maka ƙari bai nemo ramin ba, zai dawo karɓar wani kuɗin nan ba da jimawa ba. Sababbin firij yawanci R600a suke ɗauka, na da kuma R134a. Na farkon ya fi tattalin wuta amma yana kamawa da wuta, kuma ba a zuba ɗaya a madadin ɗaya. Ka san wanda naka yake sha, a rubuce yake a jikin kwamfiresa.

Masu kwamfiresar inbata, wadda ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, sun fi tsada, sai dai suna tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba. Firij na gargajiya idan zai tashi yana jan ninki da yawa na wutar da yake ci yana tafiya, abin da ke sa ƙaramin janareta ya shaƙe ke nan. Ga mai sola ko ƙaramin inji, inbata ta cancanci kuɗinta. Rauninta allon lantarkin da ke sarrafa ta: wuta mai hawa da sauka na iya ƙona shi, kuma ba kowane mai gyara ke da shi ba. Tambayi mai shago inda ake samunsa kafin ka biya.

Kowanne ka ɗauka, ka sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun farko, kuma mai jinkiri, wadda ke dakatawa 'yan mintuna kafin ta saki wuta. Idan aka ɗauke aka dawo da ita nan take, gas bai daidaita a bututu ba, kwamfiresa na tashi ne da kaya a kai. Wuta mai rauni, irin wadda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi, ta fi ɗaukewar ma illa. In ka ga haka kuma ba sitabilaiza, zare filogi.

Karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shagon, a rubuta lambar firij ɗin a kai. Wajen ɗaukowa a a-kori-kura a tsaye za a ɗaure shi. In dole ta sa aka kwantar, bar shi a tsaye ya kwana kafin ka kunna, man kwamfiresa ya koma mazauninsa. Ka ba shi tazarar kamar tafin hannu daga bango, nesa da murhu da tagar da rana ke shigowa.