Garantin sola: abin da na gani a Ingila da abin da anka yi muna a Birnin Kabi

Jama'ar gida salamu alaikum. Inbatar mai gidan da nake haya nan Birmingham ta mutu, shekara bakwai da sa ta, ni har na fara yi mai jaje. Mutumin ko a jikinshi, ya jawo wani fayil ya buga waya, anka turo injiniya ya duba lambar da ke jikinta ya ce garantin shekara 10 ne, anka kawo sabuwa, ko sisi bai biya ba. Wallahi sai na ji kamar in yi kuka, don na tuna kuɗin da na tura anka sa wa Inna sola a gida, batir bai kai shekara ba ya kumbura, wanda ya haɗa ya ce laifin mai shago ne, mai shago ya ce ai kayan wuta ba su da garanti, yanzu lambar mai haɗawar ma a kashe take. Rasit? Wata 'yar takarda ce da anka rubuta da biro.

Shi mai gidan ne ya warware min zancen. Shekara 25 ɗin nan ta garanti da masu sai da sola ke cika mu da ita alkawarin kamfanin da ya ƙera fanel ne cewa zai ci gaba da ba da wajen kashi 80 na ƙarfinshi, ba ruwanta da inbata ko batir, balle aikin wanda ya hau kwano ya ja waya. Kowanne da garantinshi daban. Nan ma fa ba waliyyai ba ne, da gwamnati ta rufe tallafin sola a 2019 kamfanoni da yawa sun tattara sun rufe, shi ya sa ba ya kiran kowa sai mai rajistar MCS, wato tsarin da ke tantance masu haɗa sola a nan, kuma har inshora ake yi wa garantin aikin saboda irin haka.

Mu ko sai a ce yaron wane ya iya, ɗan unguwa ne, kunya ta hana a tambai takarda. Ya sa siririyar waya, ya tura batir ɗakin da ba taga a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, fanel ɗin ma sitika ce kawai anka manna mai 300 wat. Haba jama'a! Ga rana Allah Ya ba mu kyauta, nan a Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi, har kewar zafin Kabi nake, amma su ke morar sola.

Na dai gaya wa ƙanena, wanda zai gyara na Inna sai mai shagon da anka sani, ya kai shi gidajen da ya yi wa aiki shekara biyu baya a tambai masu gidan, kuma lambar kowane fanel da batir ta hau rasit da hatimi kafin in tura ko naira.