Sharhi: Invincible da My Hero Academia a Ma'aunin Ingancin Zane

Bayan na kammala kallon zangon farko na Invincible, shirin zane mai motsi na Amurka, a manhajar kallo ta Prime Video da zango uku na farko na My Hero Academia, na Japan, a manhajar Crunchyroll, ra'ayina shi ne duk wanda ya auna su da mudu ɗaya zai zalunci ɗayansu. Dukansu labarin matashi ne mai burin gadon wani babban jarumi, amma kowane shiri yana zuba kuɗinsa da ƙwazon ma'aikatansa a wuri dabam, kuma sai mai kallo ya gano wurin kafin ya yanke hukunci.

A ƙa'idar fim, hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Masu zanen talabijin na Japan, tun daga Osamu Tezuka da shirinsa Astro Boy na 1963, sun saba da taƙaita sabon zane zuwa takwas ko sha biyu a daƙiƙa, wani lokacin ma a tsayar da hoto cik, baki kaɗai ke motsi. Kamfanin Bones, wanda ya fara fitar da My Hero Academia a 2016 daga littafin zane na Kohei Horikoshi, yana bin wannan tafarki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Akwai wuraren da ɗalibai ke tsaye suna dogon bayani, ana kuma yawan komawa ga abin da ya riga ya faru har abin ya gunduri mutum. Sai dai wannan duk tattali ne, domin idan faɗa ya zo sai a saki abin da aka tara gaba ɗaya. Karawar Midoriya, jarumin shirin, da ɗan ajinsu Todoroki a gasar makaranta, cikin zango na biyu, ita ce babbar hujjata: ƙanƙara na tasowa, wuta na tashi, jikin yaran yana miƙewa yana lanƙwashewa fiye da yadda ƙashi zai yarda, amma ido yana karɓar hakan saboda saurin da aka ba motsin. A ƙarshen karawar akwai hannun Yutaka Nakamura, mai zanen da ake gane aikinsa daga yadda ƙasa ke farfashewa gunduwa-gunduwa masu kusurwa huɗu, kuma waɗannan 'yan daƙiƙoƙi sun biya ni duk haƙurin da na yi a baya.

Invincible, wanda aka fara nunawa a 2021 daga littafin Robert Kirkman, kashi takwas ne a zangon farko, kowanne kusan minti 45, wato ya kusa ninka tsawon kashi ɗaya na takwaransa na Japan. Zanensa yana tafiya kusan a mataki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, layuka a tsaftace, inuwa kaɗan, kuma sau da yawa jarumin da ke tashi sama yana zamewa ne kawai a kan hoton baya ba tare da jikinsa ya motsa ba. Wannan rauni ne, kuma ban ga dalilin yi masa kwaskwarima ba. Ƙarfin shirin yana cikin rubutu da murya. Al'adar Amurka ita ce a fara ɗaukar muryoyi sannan a yi zane a kansu, saɓanin Japan inda galibi ake ɗora murya daga baya, shi ya sa hirar Steven Yeun da J.K. Simmons a matsayin ɗa da uba, da ta Sandra Oh a matsayin uwa, take fitowa da nauyin da ban samu ba a ɗaya shirin. Haka nan duk naushin da aka yi yana barin rauni da gawa da baƙin ciki a baya.

Ba na yarda da masu cewa ƙasar da aka yi shiri ce ke yanke ingancin zane. Kamfanin TMS na Japan ya zana wasu sassan shirin Batman na Amurka na 1992, Studio Mir na Koriya ta Kudu ne ya zana X-Men '97, shi ma shirin Amurka, sannan One Punch Man da Madhouse ya yi a 2015 ya sha bamban ƙwarai da zangonsa na biyu da J.C. Staff ya fitar a 2019, alhali duka biyun a Japan aka yi su.

A fannin zane zalla na fifita My Hero Academia, kuma shi zan iya kallo tare da matasan gida. Invincible kuwa na manya ne kawai, domin zubar da jinin da ke ƙarshen kashi na farko ya isa ya firgita yaro, ga kuma kalamai da ba su dace da kunnen ƙanana ba.