Shagon kifin ruwan gishiri na wajen Zoo Road: kifinsu ya yi, amma ku tambayi abincin 'ya'yan

Masu ta tambayata ko shagon nan da ke kawo kifin teku daga Legas ya cancanci kuɗin mutum, to ni dai clownfish na saya a wajensu, wanda yara ke ce wa Nemo, jinsin ocellaris mai ruwan lemo da zane fari guda uku. Ta ɓangaren lafiyar kifi gaskiya ba ni da ƙorafi, ba ɗigon fari a jikinsu, kuma a gabana yaron shagon ya watsa musu abinci suka ci kafin a ƙulle min a leda.

Abin da ya burge ni, mai shagon ya san kan sana'arsa. Na ce a zaɓo min mace da namiji sai ya yi dariya ya ce Malam ai duk maza ake ƙyanƙyasarsu, ka ɗauki biyu ɗaya ya ɗara ɗaya girma, babban shi zai rikiɗe ya zama mace, in ma macen ta mutu namijin ne zai maye gurbinta, ikon Allah. Ya kuma hana ni sayen anemoni, wata halittar teku mai kama da fure da kifin ke fakewa a cikinta, wai ba dole ba ne, kaskon fulawa na ƙasa ya ishe su. Ɗan kasuwa ya hana ka kashe kuɗi a shagonsa, a Kanon nan, ai dole a yaba. Shi ya haɗa min gishirin Instant Ocean da ma'aunin gishiri, ya ce in tsaya tsakanin 1.020 da 1.025 kuma kar in kuskura in zuba gishirin miya ko ruwan burtsatse kai tsaye, sai tataccen ruwa na RO.

Sun yi ƙwai kuwa, a jikin kaskon ta ciki, jajaye a manne reras, namijin ya tsaya a kai yana musu fifita da fukafukinsa yana tsince waɗanda suka lalace da baki, ka miƙa hannu ma sai macen ta kawo maka cizo. Wajen kwana 8 ƙwan ya koma kalar azurfa har kana hango idanuwa a ciki, kuma da daddare suke fashewa bayan an kashe fitila, sai ka haska tocila a kusurwa ɗaya su taru ka kwashe su a hankali zuwa wani tankin daban.

To a nan ne shagon ya ba ni haushi. 'Ya'yan nan bakinsu ya yi ƙanƙanta, ba sa cin garin abinci, kwanakin farko sai rotifa mai rai, wasu ƙananan halittu ne da ido da kyar yake ganinsu, su ma sai ka yi kiwonsu a bokiti da koren ruwa na Nannochloropsis kana hura musu iska, daga baya ne ake shigo da jariran artemiya, wasu ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, sai wajen kwana 10 zuwa 14 zanen farin ya fara fitowa. Shagon suna da gwangwanin ƙwan artemiya amma rotifa babu, kuma ba wanda ya faɗa min tun farko, sai da ƙwai ya kusa fashewa na kira aka ce sai an yi oda. Zubin farko haka suka ƙare gaba ɗaya. Sauƙinta dai iyayen na sake ƙwai kusan duk sati biyu.

Sai maganar zafi, kifin nan digiri 26 zuwa 28 na Celsius yake so, mu kuwa a Afrilu sai ka ga an haura 40, lokacin hunturu kuma dare ya yi sanyi sai an kunna hita ga ƙura. Ba su da na'urar sanyaya ruwa, fanka nake jona wa a saman tankin ina ƙara tataccen ruwa saboda ƙafewa yana ɗaga gishirin. In ba ka da sola ko inbata kar ma ka fara, famfon iska ya tsaya na wasu awanni an gama.

Farashi da ɗan ɗaci kuma ba sa ragi sosai. Zan koma sayen gishiri da artemiya, amma mai son kiwo ya sa su kawo masa rotifa ya ga ta kama a bokitinsa tun kafin macen ta fara share kasko don yin ƙwai.