Aiki ta intanet daga Gembu: me baƙo zai fara saye, Starlink ko batir?

Baƙon da ya yanke shawarar zama a Gembu, kan tsaunin Mambilla a jihar Taraba, yana aikinsa ta kwamfuta, yakan fara da tambayar intanet. Lissafin wuta ya kamata ya riga, domin shi zai nuna irin na'urar da za ka iya riƙewa.

Ɗauki aikin awa 8 a rana. Kwamfutar cinya tana jan kimanin wat 60. Babbar na'urar Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam, tana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramar da ake kira Mini wat 25 zuwa 40, akwatin 4G mai ɗaukar layin waya kuwa da ƙyar ya wuce wat 10. Kwamfuta da babbar Starlink za su sha wajen wat-awa 1,200 a yini (wato wat sau awannin aiki), in ka haɗa da abin da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke cinyewa ya kai 1,400. Da Mini abin bai kai 900 ba. Wannan tazarar kuɗin batir guda ce.

Akwatin 4G shi ne mafi araha, amma a ƙasar tudu da kwari sabis na bin gida-gida. Ɗakin da ke fuskantar ƙarfen sabis ya samu, na bayan tudu ya rasa. Kafin ka biya kuɗin haya, ka zauna a cikin ɗakin da layuka biyu na kamfanoni daban, ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Kiran bidiyo na buƙatar megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa, wajen turawa da wajen saukewa, kuma turawar ce ke fara gazawa. Eriyar waje a kan dogon ƙarfe tana gyara sabis mai rauni, amma ba ta hana ƙarfen kamfani mutuwa in man injinsa ya ƙare. Ɗan ƙasar waje ya yi rajistar layinsa da fasfo tun a Abuja ko Jalingo, kafin ya kama hanyar Gembu ta Bali da Serti.

Starlink ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma babu ruwanta da ƙarfen sabis. Abin da take so shi ne sarari a sama. A nan bishiyoyin turare da suka cika Mambilla ke ɓata lissafi: reshe ɗaya a gaban faifan zai riƙa yanke kira na 'yan daƙiƙu. Manhajar kamfanin tana duba sama da kyamarar waya, a yi wannan kafin a huda kwano. Ruwa mai ƙarfi ma yana rage gudu har ya ɗauke. Ga mutum ɗaya Mini ta isa, kuma tana karɓar wutar batir kai tsaye ba sai ta inbata ba, sai dai doguwar wayarta kan zubar da ƙarfi a kan bolt 12 har na'urar ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Gajeriyar waya mai kauri ko na'urar ɗaga bolt ke maganin haka. Babbar ta fi dacewa da gidan mutum uku ko huɗu. A kashe mata tsarin narkar da ƙanƙara, wutar banza yake sha.

Wajen batir kada alƙaluman jikinsa su ruɗe ka. Batir mai ruwa na bolt 12, amp-awa 200, a takarda wat-awa 2,400 ne, amma rabi kawai ake sha in ana so ya yi shekaru. Na litiyam mai amp-awa 100 yana ba da kusan wannan rabin, ga shi mutum ɗaya zai ɗauke shi, ga saurin caji. Saurin nan shi ne ribarsa a tsauni, inda damina ke da tsawo, rana ta leƙo awa biyu hazo ya rufe. A ranar gajimare falen sola kan ba da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ko ƙasa da haka, don haka mai buƙatar wat-awa 900 kada ya tsaya a fale ɗaya na wat 400, ya sa biyu.

Janareta ya zama na ko-ta-kwana. Iska ba ta da kauri a sama, injin fetur na rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, wato a tsayin mita 1,500 irin na Mambilla wajen kashi 15 ya tafi, filoginsa kuma ya riƙa yin baƙi. A yi cajin batir da shi, kada a jona kwamfuta kai tsaye.

Saura tsawa. Faifai da eriya a saman gida kan tudu suna buƙatar sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai laima, da na'urar kare kaya daga bugun wuta. Sandar, waya, fis da filogin janareta duk a sayo su daga Jalingo, domin in abu ya ƙone, sauka zuwa can ta Mayo Selbe, garin da ke gindin tsaunin, kusan yini guda ne a mota.