Na'urar ɗaukar bidiyo ta HDMI zuwa USB: an rubuta 4K, ashe ko 1080p60 ba ta kai ba

'Yar ƙaramar nan ce mai kama da filashi da ta cika shagunan PZ da Sabon Gari, wadda ake sa wa wayar HDMI daga kyamara a gefe guda, a soka ɗaya gefen a laftof. Ba ta da suna, sai "4K, USB 3.0" a jikin kwali. Da farko ta burge ni, don ba ta buƙatar a saka mata direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura), OBS, manhajar ɗauka da yaɗa bidiyo, ya gan ta nan take. A wajen tafsiri ko lacca, inda malam yake zaune wuri guda, hotonta ba laifi.

Amma a ɗauki hawan sallah da ita a ga takaici. Da dawakai suka taso a guje wajen Ƙofar Fada, ƙura ta tashi, sai hoton ya farfashe gida-gida, ƙafafun dawakin suna tsalle-tsalle, adon mahaya ya dagule. Abin ya ɓata min rai ƙwarai, domin hawa ba a maimaita shi.

Dalilin a fili yake. Bakin USB ɗin shuɗi ne kawai aka yi masa, amma in ka haska ciki ƙarafa huɗu za ka gani, na 3.0 na gaskiya yana da ƙarin biyar daga can ciki. Wato 2.0 ce, mai ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, alhali 1080p60 (hoto mai girman 1920x1080, firam 60 a daƙiƙa) da ba a matse ba yana neman kusan gigabit 2. Shi ya sa take matse hoton da tsarin matse bidiyo na MJPEG, ta tsaya a 1080p30, wato firam 30 a daƙiƙa. 4K ɗin nan abin da take karɓa ne, ba abin da take bai wa kwamfuta ba. Wannan yaudara ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Wanda ya riga ya saya, a OBS ya mayar da Resolution zuwa Custom, 1920x1080, ya zaɓi MJPEG. In ta faɗa YUY2, wato tsarin da ba ya matse hoto, firam biyar kacal za ta ba ka a daƙiƙa. Kyamara in tana kan firam 50 a daƙiƙa, sa 25 a OBS, kada a haɗa 50 da 30. In dawakai masu gudu za a ɗauka, gara a sauka 720p. A ɗauka da nau'in fayil na MKV, daga baya a mayar MP4, domin in batirin laftof ya mutu ana tsaka da ɗauka, fayil ɗin MP4 gaba ɗaya yake lalacewa.

Na so in ce ta dace da kuɗinta, sai na tuna sautinta ma mono yake fitowa, ga zafi da take ɗauka da rana. Mai aikin biki ko hawa ya ƙara kuɗi ya nemi mai guntun lantarki (chip) na MS2130 a ciki, ya kuma gwada ta a shago kafin ya biya.