Mun biya tsohon ɗan kwana-kwana ya horar da ƙauyenmu: horon ya ci kuɗinsa, shagon kuma sai ka buɗe ido

Shugabannin kasuwannin ƙauyukan da ke kan hanyarmu sun dame ni da tambaya a kan mutumin nan na Jos da ya zo ya koya wa matasanmu kashe gobara, ya kuma sayar mana da tukwanen kashe wuta. Bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Horon ya ci kuɗinsa har da ƙari. Cinikin kaya da cikon tukunya kuwa akwai gyara a ciki. Ba zan kama sunansa ko na shagonsa ba, don ba talla nake yi ba, kuma ina da ƙorafi. Mu dai Baba muke ce masa.

Ni ne magatakardan ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu, a ƙaramar hukumar Bassa, gaba da Mista Ali in ka ɗauki hanyar Zariya. Sana'ata injin niƙa. Abin da ya sa muka nemi Baba ba wani abu ba ne illa nisa. Motocin kwana-kwana suna cikin gari, mu muna bayan gari. Ko direba ya tashi nan take da aka buga waya, kafin ya kutsa cunkoson Farar Gada ya iso mana, rumfar da aka yi da katako da buhu ta riga ta zama toka. Kuma duk wanda ya kai shekaruna a Filato bai manta watan Fabrairun 2002 ba, lokacin da babbar kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone. Kasuwa ce ta siminti da ƙarfe a tsakiyar birni, wadda ake ƙirga ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, amma wuta ta ci ta. In wannan ta tafi, ina ga tamu mai rufin leda?

Ba wai da can ba mu san kashe gobara ba. Muna yara, da an ji ihun "Gobara! Gobara!" gari ke tashi. Mata su fito da daro da tulu, samari su yi layi daga rijiya, bokiti na bin hannu. Dattawa kuma ba sa ɓata lokaci a kan ɗakin da ya riga ya kama, sai su sa a yaye jinkar ɗakunan da ke maƙwabtaka da shi, a janye dangar kara, don wutar ta rasa abin ci. Washegari a yi jaje, a yi gayya, wannan ya kawo azara, wancan ya kawo damin ciyawa. Dabarar ta yi aiki a zamanin da abin ƙonewa bai wuce kara da ciyawa ba. Yanzu a layi ɗaya na kasuwarmu akwai ɗan bumburutu da jarkokin fetur, mai shayi da tukunyar gas, mai cajin waya da janareto da soket sun fi ashirin a jikin katako ɗaya, ga ni da bakin mai da dizal. Bokitin ruwa a kan irin waɗannan ƙara masifa yake yi.

Wannan shi ne abu na farko da Baba ya nuna mana, kuma da shi ya saye zuciyar mutane. Bai fara da lacca ba. Ya sa aka kai tsohon kasko filin makaranta, ya zuba man gyaɗa, ya dafa shi har ya kama da wuta. Ya kori kowa baya sosai, ya ɗaura ƙaramin gwangwanin madara a bakin doguwar gora, ya cika shi da ruwa, ya tuntsurar a cikin kaskon daga nesa. Wutar ta yi tsalle ta fi tsayin mutum biyu, da wani irin ƙara da ya sa yara suka watse da gudu. Mai ƙosai da ke tsaye kusa da ni salati kawai take yi. Sai ya sake kunnawa, ya ɗauki jiƙaƙƙen buhun algarara da aka matse, ya kare hannunsa a bayansa, ya shimfiɗa a kan kaskon a hankali. Shi ke nan, wuta ta mutu. Ya ce, "Hajiya, in mai ya kama, murfi za ki nema, ba ruwa ba. Kuma kada ki ɗaga murfin ki leƙa, ki bar shi ya huce." Daga nan ne ya yi bayanin cewa wuta tana rayuwa da abu uku, zafi da iska da abin da za ta ci, ka raba ta da ɗaya ta mutu. Da ya fara da wannan maganar, da rabin mutane sun tafi.

Sannan aka zo kan tukwane. Jar tukunya duk ja ce a ido, amma tambarin da ke jikinta ne ke faɗa maka abin da ke ciki: shuɗi na hoda, baƙi na iskar CO2, ruwan madara na kumfa, ja na ruwa zalla. Mai hoda ita ce ta kowa da kowa, tana kashe ta katako da ta fetur da ta gas, kuma ba ta jan lantarki. Abin da ya girgiza mu shi ne gajartar ranta. Tukunya mai kilo 9, wadda saurayi ke ɗauka yana nishi, ba ta kai rabin minti tana feshi ta ƙare. Baba ya sa kowane saurayi ya zare fil da hannunsa, ya ba iska baya, ya auna gindin wutar ba harshenta ba, ya matsa yana kaɗa tiyo dama da hagu. Kusan duk wanda ya fara, sama yake harbi, inda wutar ta fi ban tsoro. Nan Baba ke daka tsawa, "Ƙasa, yaro, ƙasa! Hayaƙi kake kashewa?" Mutum ne mai faɗa, wasu samarin sun ji haushi. Ni ban ga laifinsa ba.

Inda na fi jinjina masa shi ne injin ban ruwa. Da ya zagaya gari ya ga kududdufin da haƙar kuza ta bari a bayan kasuwa, ya ga 'yan noman rani da injinansu suna ba tumatir da kabeji ruwa, sai ya tsaya ya ce, "Ku kuna da motar kwana-kwana ba ku sani ba." Ya ce motar da muke jira ruwan cikinta ƙarewa yake cikin 'yan mintoci in an buɗe mata sosai, sai ta koma neman wani, mu kuwa ga tafki a ƙofar gida. Ya sa aka ɗora injin mai inci 3 a kan baro, aka haɗa tiyo, ya sa maƙeri ya matse bakin wani guntun bututu don ruwan ya yi nisa. Bai yi mana ƙarya ba: injin ban ruwa yawa yake bayarwa, ba ƙarfi ba, ba zai kai saman bene ba, kuma ba zai iya zuƙo ruwa daga rijiyar da ruwanta ya yi ƙasa fiye da mita 7 ko 8 ba. Amma rumfunanmu ba bene ba ne. Ya kuma ja kunne cewa ba a taɓa tiyo sai an tabbatar an yanke wuta daga layin kasuwa an kashe janareto, kuma ba a nufar rumfar fetur da shi. Wannan shawarar bai samu ko kwabo a kanta ba, hasali ma ta rage masa cinikin tukwane.

Ya raba matasa kashi-kashi. Akwai mai hura usur da buga lambar kiran gaggawa ta 112, akwai mai yanke lantarki, akwai 'yan baro da inji, akwai waɗanda aikinsu kawai tare jama'a, don a cewarsa 'yan kallo da ɓarayi sun fi wuta wahalar da ɗan kwana-kwana. Ya sa muka jera bokitan yashi a bakin kowane layi. Ga masu gona ya nanata a share kewayen rumbu da tarin harawa tun kafin hunturu ya kankama, kafin yara masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta. Ya yi magana mai tsawo a kan kaskon garwashi da muke shiga da shi ɗaki saboda sanyin Filato, a rufe ƙofa da taga. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, daga nan sai dai a ɓalle ƙofa da safe.

Da aka zauna cin abinci bakinsa ya buɗe. Yana alfahari da cewa aikinsu tsoho ne, tun 1901 aka fara shi a Legas a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi gashin kansa. Ya ce mafi yawan rayuwar ɗan kwana-kwana jira ce: wanke mota, shanya tiyo, dara a gindin bishiya, kwana da takalmi a gefen gado. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Ya ce ba wuta kaɗai ba ce, ya ciro yara daga rijiya da kududdufi, wasu da rai wasu babu. Abin da ya fi ci masa rai kuwa jifa. Mutane ba sa kira sai sun gama gwada nasu sun gaza, motar ta iso an riga an yi asara, sai a huce a kan waɗanda suka zo taimako. Ya nuna mana tabo a bayan kunnensa, ya ce wannan ba wuta ba ce, dutse ne. Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Baba ya ce masa, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema, ku kira tun wutar tana ƙarama, ko da ku za ku kashe ta kafin a iso."

Shi ne kuma ya ba mu labarin cewa a Amurka mafi yawan masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, musamman a karkara, manomi da makanike da malamin makaranta, kowa na sana'arsa sai an yi kira. Tun 1736 Benjamin Franklin ya haɗa irin wannan ƙungiya a Filadelfiya, kowane ɗan ƙungiya da bokitansa na fata. Samarinmu sun ji daɗin wannan, don da suna ganin aikin sa-kai na marasa aikin yi ne.

To, yanzu ɓangaren shago. Baba gwani ne a fili, amma shagon yaransa ke riƙe da shi, kuma hannunsu bai kai nasa ba. Da muka je ɗaukar kaya, ɗaya daga cikinsu ya dage sai mun haɗa da masu iskar CO2 guda da yawa, waɗanda suka fi tsada. Ita wannan tana da amfani a ɗakin kwamfuta ko shagon mai cajin waya, don ba ta barin datti. A fili kuwa, cikin iskar hunturu, watsewa take yi. Ga shi ba ta da agogon da ke nuna ƙarfin iskar da ke cikinta, sai an ɗora ta a sikeli ake sanin ko ta rage, kuma bakinta ƙanƙara yake yi har ya ƙona hannun wanda ya riƙe shi. Baba da kansa ya faɗa mana duk wannan a filin makaranta, yaronsa kuma yana ƙoƙarin cusa mana ita. Ɗaya muka ɗauka, ta mai caji.

Rasit sai da na yi da gaske. Takardar bayanin da suka raba duk Turanci ce, alhali rabin masu rumfa ajami da Hausar boko suke karantawa. Lokacin horon ma an sa shi da hantsi, daidai sa'ar da mata ke kan murhu, su da suka fi kowa zama kusa da wuta. Sai da shugabar mata ta tsaya kai da fata aka sake musu nasu zaman da yamma, kuma aka ƙara mana kuɗin mota.

Babban ƙorafina ciko ne. Tukwanen da aka fesa a wurin horo mun ba su su cika. Sun daɗe a wurinsu fiye da alkawari, ba su ba mu na aro ba, kasuwa ta zauna haka a tsakiyar rani. Da suka dawo, ɗaya allurar agogonta ta fara zamewa daga kore tana komawa ja ba a jima ba, alamar iska na sulalewa ta wuya. Wata kuma da na juya ta na kara a kunne, ban ji hoda na gangarowa ba, ta dunƙule kamar simintin da ya sha raɓa, amma an manna mata sabuwar sitika da sabon kwanan wata. Na kira Baba. Bai yi musu ba, ya zo da kansa a kan babur, ya buɗe ta a gabanmu, ya yi wa yaron wankin babban bargo, ya canza duka biyun ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na yaba. Sai dai dabarar juya tukunya a saurara shi ya koya mana ita, wanda bai zauna a horonsa ba sitika kawai zai gani ya rataye.

An gwada mu sau ɗaya tun daga lokacin. Tiyon gas na mai shayi ya tsage da asuba, wuta ta kama labulen buhu ta haye rufi. Yaronsa ya rufe kan tukunyar gas kamar yadda aka koya masa, maƙwabcinsa ya zazzage tukunyar hoda ɗaya, sauran kuma yashi da bokiti suka ƙarasa. Kafin 'yan baro su iso da inji an gama. Asarar ba ta wuce rumfa ɗaya da kiret ɗin ƙwai ba. Injin kuma da aka zo tayarwa sai da aka yi ta ja, don an bar shi babu mai. Tun ranar muka ɗora wa mutum ɗaya alhakin tayar da shi duk ranar kasuwa.

Ga masu tambaya ko su kira shi: ku kira shi, amma ku ce shi kuke so da kansa, ba yaransa ba. Ku sa zaman mata cikin ciniki tun farko. In ƙarfinku bai kai duka biyun ba, ku biya horon ku bar tukwanen, yashi kyauta ne. In kuwa za ku saya, ku ɗauki masu hoda, ku duba allura a kore take, ku duba fil da hatiminsa, ku karɓi rasit. Mu mun sabunta yarjejeniya da shi na bana, da sharaɗi biyu da na rubuta da hannuna: za a cika tukwanenmu a gaban wakilinmu, kuma duk wadda za ta kwana a shagonsu sai sun bar mana wata a madadinta.